Girgizar Atom da Sifin na Ilektiron

Kowane ilektiron yana ɗauke da ɗan maganaɗisu da masana ke kira sifin, kuma a mahaɗan sinadaran da ƙarfe irin banadiyam ke tsakiyarsu ana fatan amfani da shi wajen adana bayanai a kwamfutar kwantam. Matsalar ita ce atom ɗin da ke kewaye da ƙarfen kullum girgiza suke, girgizar tana sauya tazarar da ke tsakaninsu, makamashin sifin ya zurare har alƙiblarsa ta ɓace, zafi kuwa yana hanzarta hakan. A 2016 ƙungiyar Roberta Sessoli a Italiya ta nuna cewa banadil fatalosayanin, mahaɗi mai tsaurin gini, yana riƙe yanayinsa na kwantam a zafin ɗaki har tsawon kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, wanda a wannan fage ba ƙaramin lokaci ba ne.