Ko Kun Sani?

Idan yaro ya kama amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ido kaɗai ba ya tabbatar da kwalara ce. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, kada a jira sakamakon gwaji. A ɗakin gwaji ana shuka ɗan bayan gidansa a faranti na musamman, washegari ƙwayar kwalara ta tsiro rawaya-rawaya. Danginta sun haura 200, amma biyu ne kawai, O1 da O139, ke haddasa annoba. Binciken ƙwayoyin gadonta da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa tun 1970 ta shigo Afirka daga Asiya aƙalla sau 11.