Matatar SORAZ da Ɗaliban Injiniya na Damagaram

Tun watan Nuwamba 2011 matatar mai ta SORAZ take aiki a arewacin Damagaram, kan hanyar Tanut. Tana iya tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuwa daga Agadem yake zuwa ta bututu. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Jami'ar garin, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, an kafa ta a 2010. Matatar da jami'ar kusan tsaran juna ne, amma kowacce da abin da take nema wurin ɗalibi.

Matatar tana son wanda zai dubi ma'aunin zafi da na matsi ya gane, ya san abin yi idan famfo ya tsaya da tsakar dare, domin tsayawar yini ɗaya asara ce babba. Malamin jami'a kuwa ya dage kan lissafi da ilimin sinadarai, kuma ina ganin yana da gaskiya: injin da aka koya bana zai tsufa, wanda bai riƙe tushe ba sai ya koma ɗan kallo. Sai dai kayan gwaji tsada gare su, kuma ɗalibi ba ya goge hannu a allo. Ga matsalar harshe: karatu da Faransanci, manyan ma'aikata da dama 'yan Sin.

Batun ma'aikatan Sin bai tsaya ga harshe ba: a Maris 2025 gwamnati ta kori shugabannin kamfanonin mai uku 'yan Sin, har da na SORAZ. Cikin ƙorafe-ƙorafen akwai tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.