Ganye Yana Faɗin Wahalar Da Shuka Ta Sha

Jama'a manoman Matamaye, Kance, Yawuri da sauran garuruwan kwarin Korama, a wannan karo zancenmu a kan ganye yake.

Tsinko ganyen gyaɗa ɗaya ka duba. Za ka ga 'yan ganye 4, biyu a dama, biyu a hagu, kowane da abokinsa. Ɗauki ɗaya ka ninke shi bisa jijiyar tsakiya. In shukar ta tashi cikin wadata, gefen nan zai hau bisa wancan kusan daidai. Dalili shi ne tun ganye yana cikin toho gefunan biyu suke girma tare, da ruwa ɗaya da abinci ɗaya. In wahala ta faɗa wa shuka a cikin kwanakin nan, aikin yakan rikice. Ganyen ya fito ƙarami, ko a karkace, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Kuma in ya gama buɗewa a haka, ko da an yi ruwa daga baya, ba ya komawa ya miƙe. Sabon da zai fito shi ne zai gyaru.

Amma a yi hattara da wake. Ganyen wake uku-uku yake. Na tsakiya ne kaɗai gefunansa suke daidai, biyun nan na gefe haka Allah ya halicce su da karkata. Kada wani ya ga wannan ya ce gonarsa ta kamu.

Masu bincike a ƙasar Turai sun so su mai da wannan karkata ta zama ma'auni. A 1996 wani malami mai suna Mikhail Kozlov, na jami'ar Turku a ƙasar Finlan, shi da abokan aikinsa, suka ba da labarin cewa itatuwan da ke kusa da ma'aikatun narka ƙarfe ganyensu ya fi na nesa karkata. Mutane da yawa suka bi sawunsu. Sai a 2015 shi malamin da kansa ya gwada masu awon. Ya ba su hotunan ganye iri ɗaya, ya ce wa wasu daga wuri mai hayaƙi aka tsinko, wasu kuma ya ce musu daga wuri mai tsabta. Waɗanda aka ce wa wurin hayaƙi ne, su suka fi samun karkata a awonsu. Ashe ido yakan ga abin da zuciya ta riga ta yarda da shi. To, in haka ta samu masu ilimi da kayan awo, manomi kada ya yanke wa gonarsa hukunci da ganye ɗaya. Ya zaga, ya duba tushe 20 ko 30, a tudu da gangare, a ƙarƙashin gawo da fili.

Abin da ya fi amfani shi ne ka gwada tsohon ganye da sabo. Hatsin da ya sha ƙishi yakan naɗe ganyensa da rana, ya warware da marece. Gyaɗa ma takan haɗe nata. Wannan dabara ce ta tsimin ruwa. Wanda ya kwana a naɗe har hantsi, shi ne abin tsoro. Iskar farkon damana kuwa, mai tafe da rairayi, takan goge ganyen ƙaramin hatsi ta ƙone bakinsa, sau da yawa daga ɓangaren gabas inda hadari yake tasowa. In ganyen da ya biyo baya ya fito lafiya, shukar ta tsira, kada ka yi gaggawar sake shuka. Shi ya sa karan da aka bari kwance a gona, da sahabin da aka sassabe aka bar shi ya girma, suke da rana. In kuma ganyen ƙasa ne yake fara yin rawaya na sama yana kore, yunwa ce, ƙasar tana son taki. Dubi hatsin gindin gawo ka ga bambanci.

Inda magana ta yi nauyi shi ne in sabon ganye ne yake ta fitowa a murɗe, kowane ya fi na bayansa lalacewa, alhali ƙasa da laima. Wannan ba ƙishi ba ne. Dattawa ba su manta 1975 ba, shekarar da darɓa ta sauka a kan gyaɗa ta kawo kuturta, shekara biyu bayan farin 1973. A arewacin Nijeriya kaɗai wajen hekta 700,000 ta lalace, mu ma nan Damagaram ba mu tsira ba. Gyaɗar da ta kamu takan tsugune, ganyen ya ƙanƙance, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya cure wuri ɗaya. Ba ta da magani in ta shiga. Sai dai a tuge mai ciwon tun da wuri a binne, a yi shuka da ruwan fari, a matse layi kada a bar ƙasa tsirara tsakanin tushe da tushe, a kuma tuge gyauron gyaɗa da rani, don a nan cutar take fakewa.

Rogon fadama ma yana da irin tasa. Ganyen yakan yi dabbare-dabbare, yatsa ɗaya ya fi ɗaya, ya murɗe. A cikin kara cutar take tafiya. Kada ka yanki iri a jikin irin wannan rogo, ko kyauta aka ba ka.

Akwai kuma abin da iyayenmu ba su sani ba, maganin ciyawa na feshi. In maƙwabci ya fesa ranar iska, sai ka ga sabon ganyen wake ko kuɓewa ko tumatir ya yi tsawo siriri kamar igiya, galibi a layukan da ke bakin iyaka.

In za ka kai wa malamin gona, kada ka tafi da ganye ɗaya a aljihu. Tugo tushe guda har da saiwa, ka haɗa da wani mai lafiya daga gonar, ka naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ka riƙe ranar shuka da ranar ruwan ƙarshe, don zai tambaye ka.