Hauwa Keita: Ungozomar Da Ta Shiga Majalisar Dokokin Mali

Ran 31 ga watan Yuli na kowace shekara ƙungiyoyin mata a ƙasashen Afirka da dama sukan yi bikin Ranar Matan Afirka. Asalin wannan rana kuwa shi ne wani babban taro da matan nahiyar suka yi a birnin Darussalam na ƙasar Tanganyika cikin 1962. Daga cikin matan da suka tsaya tsayin daka har taron ya tabbata akwai wata 'yar ƙasar Mali mai suna Hauwa Keita, wadda Faransawa ke rubuta sunanta Aoua Kéita. Tarihin wannan baiwar Allah abin dubawa ne ga duk mai son ya gane yadda sana'a da amanar jama'a kan kai mutum inda gata bai isa ya kai shi ba.

An haifi Hauwa a Bamako cikin 1912, sa'ad da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Faransa. Mahaifinta tsohon soja ne, kuma shi ne ya sa ta makarantar 'yan mata ta Bamako a 1923, alhali kuwa mahaifiyarta ba ta so ba, domin a ganinta boko ɓata 'ya mace yake yi. Daga nan ta wuce makarantar koyon aikin likita ta Dakar, inda ta sami takardar shaidar ungozoma a 1931. Da gamawarta sai aka tura ta Gao, can gabas a bakin kogin Kwara, wajen iyaka da ƙasar Nijar.

Ɗakin Haihuwa Makaranta Ne

Aikin ungozoma ya buɗe mata ƙofofin da babu wani ɗan siyasa namiji da ya isa ya ƙwanƙwasa. Takan shiga gidan basarake da na talaka, da rana ko da tsakar dare, ta zauna da mata a lokacin da ba su ɓoye kome. Ta ga matan da naƙuda ta kashe saboda rashin asibiti, ta ga 'yan matan da aka aurar ba da sonsu ba, ta kuma ga yadda harajin Turawa da aikin tilas suke kwashe mazaje daga gidaje.

A 1935 ta auri wani likita mai suna Dauda Diawara, wanda ta ce shi ne ya fara wayar mata da kai game da siyasa, musamman lokacin da Italiya ta kai wa Habasha hari a wannan shekarar. Da aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako cikin Oktoba 1946, su biyun suka shiga reshenta na Sudan, watau US-RDA, wanda Mamadu Konate da Modibo Keita ke ja-gora. Amma Allah bai ba su haihuwa ba, dangin miji kuwa suka matsa lamba, har auren ya mutu a 1949. Matar da ta karɓi ɗaruruwan jarirai a hannunta, rashin ɗa nata na kanta ya raba ta da ɗakinta. Wannan ɗaci ya bi ta har cikin ayyukan da ta yi daga baya.

Horo Da Canjin Wurin Aiki

A wancan zamani Turawan mulki suna mara wa jam'iyyar PSP ta Fili Dabo Sisoko baya, suna kuma kallon RDA a matsayin 'yan tayar da zaune tsaye. Makamin da suke horon ma'aikacin gwamnati da shi kuwa shi ne canjin wurin aiki. Aka mayar da Hauwa Gao, da nufin a nisanta ta da cibiyar siyasa.

Ashe an jefa kifi ne a ruwa. Dokar zaɓe ta watan Mayu 1951 ta ba uwayen da suka haifi 'ya'ya biyu damar jefa ƙuri'a, to, wa ya fi ungozoma sanin irin waɗannan mata? Ta tara su, ta koya musu muhimmancin katin zaɓe, ranar zaɓe kuma ta tsaya a matsayin wakiliyar jam'iyya tana sa ido kada a yi maguɗi. RDA ta yi rinjaye a Gao. Sakamakon da ta samu shi ne aka fitar da ita daga ƙasar baki ɗaya zuwa Bignona a yankin Kasamans na Senegal, bayan haka kuma aka tura ta Nara, kusa da iyakar Muritaniya. Duk inda aka kai ta, sai ta bar reshen mata a bayanta.

Daga Ƙwadago Zuwa Majalisa

Da ta komo wajen Bamako sai ta lura cewa ƙungiyoyin ƙwadago na maza ne, kukan ma'aikata mata kuwa ba ya shiga cikin ajandarsu. Saboda haka ita da abokan aikinta suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta mata ma'aikata, wadda ta tattara ungozomomi da malaman makaranta da ma'aikatan ofis a inuwa guda. Ita ce ta wakilci wannan ƙungiya a taron da aka yi a Kwatano cikin 1957, inda aka kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta Afirka, UGTAN, wadda Seku Ture na Gini ya shugabanta.

Ganin irin jama'ar da ke bayanta, jam'iyya ba ta da ikon kau da kai. A 1958 aka zaɓe ta cikin kwamitin ƙoli na US-RDA, ita kaɗai mace. A 1959 aka tsayar da ita takara a yankin Sikaso. Yaƙin neman zaɓen bai zo da sauƙi ba, domin ta ba da labarin wani dagaci da ya kore ta daga ƙauyensa a gaban jama'a, don kawai mace ta zo tana magana a inda maza ke zaune. Duk da haka ta ci, ta zama mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin ƙasarta. Tana kan wannan kujera ƙasar ta zama Jamhuriyar Mali ran 22 ga Satumba 1960.

Dokar Aure Ta 1962

Babban abin da ake tunawa da ita a majalisa shi ne dokar aure da aka zartar a watan Fabrairu 1962. Dokar ta ce aure ba ya ɗauruwa sai da yardar ango da amarya. Ta tsayar da shekara 15 ga mace da 18 ga namiji a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Ta ƙayyade kuɗin aure kada ya wuce faran dubu 20 ga budurwa da dubu 10 ga bazawara, ta kuma mayar da rabuwar aure hannun kotu.

Matan jam'iyya ba su sami duk abin da suka nema ba, gama shugabanni sun ji tsoron ɓata wa sarakuna da malamai rai, a ƙauyuka da yawa kuma dokar ta tsaya a takarda. Amma mai karatu ya dubi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, zai ga kowannensu amsa ce ga wani abin da ungozomar ta gani da idonta a Gao da Nara. Dokar ta yi aiki kusan shekara hamsin, sai a 2011 aka musanya ta da wata sabuwa.

Ƙarshen Tafiya

Siyasa ba ta da tabbas. A 1967, lokacin da gwamnatin Modibo Keita ta ƙara tsananta aƙidarta ta gurguzu, aka rushe kwamitin ƙolin jam'iyya, Hauwa kuma ta tsinci kanta a gefe. Marubuta tarihi suna danganta wannan da saɓanin da ke tsakaninta da uwargidan shugaban ƙasa. Ran 19 ga Nuwamba 1968 sojoji a ƙarƙashin Laftana Musa Tarawore suka kifar da gwamnatin.

A 1970 ta koma Brazabil ta ƙasar Kwango wurin mijinta na biyu. A shekarun nan ne ta rubuta tarihin rayuwarta da Faransanci, mai suna Femme d'Afrique, wanda ya fito a 1975, ya kuma ci babbar lambar adabi ta Baƙar Afirka a 1976. Ta komo gida a 1979, ta rasu a Bamako ran 7 ga Mayu 1980.

Jam'iyyar da ta yi wa wahala ta ture ta tun kafin sojoji su zo, Turawan da suka yi ta wurgi da ita daga gari zuwa gari kuwa sun tafi. Abin da ya rage shi ne misalin da ta bari ga ma'aikatanmu mata, ungozoma ce ko malama ko akawu: wadda ta riƙe sana'arta da amana, ta kuma haɗa kai da 'yan'uwanta, ta riga ta kama hanyar da za a ji muryarta a inda ake yanke shawara. Allah ya jiƙan Hauwa Keita.