Yadda Manoman Maraɗi Suka Tsayar Da Rairayi

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san yadda teku take cin gaɓa idan babu abin da ya riƙe yashi. To, a Arewa iska ce take yin wannan ɓarna.

Bayan farin shekarun 1970, gonakin ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar sun zama fili fetal, iska takan binne gero da rairayi tun yana tsiro, sai manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. An yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara saiwarsu tana da rai. Dabarar kuwa ita ce a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki. Shi ne sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su gwada, daga baya manoma suka riƙa koya wa juna ba tare da biya ba. Gawo da kalgo da sabara suka dawo. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5.

Jama'a, wannan bai tsaya ga bakin hamada ba. Ko Taraba ta sha saran madobiya. Mutanen Majidaɗi ta Jalingo da sauran 'yan'uwa mazauna Kurmi, in kun aika kuɗin noma gida, ku haɗa da saƙo: kada a ƙone kututture.