Kwatano: Birnin gaɓar teku da ke cin abinci da kasuwannin maƙwabta

Idan dillali a Gummi ko Anka ya ce mota ’yar Kwatano ce, mai saye ya fahimta: an hau ta a Turai, amma ba ta sha wahalar hanyoyin Najeriya ba. Sai dai kaɗan ne daga masu wannan ciniki suka taɓa ganin birnin da ya ba motar suna.

Kwatano shi ne birni mafi girma a Jamhuriyar Benin. Porto-Novo ce babban birni a hukumance, amma fadar shugaban ƙasa da yawancin ma’aikatu suna Kwatano. Birnin na zaune ne a kan siririn fili mai rairayi, Tekun Atilantika ta kudu, Tafkin Nokoué ta arewa, ga mashigin ruwa da ya raba shi biyu. Shi ya sa ambaliya ke addabar unguwanninsa da damina, teku kuma na zaizaye gaɓarsa ta gabas. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum dubu 679 ke zaune a cikinsa.

A harshen Fon, ma’anar sunan ita ce "bakin kogin mutuwa". Asali ƙauyen masunta ne a ƙarƙashin sarakunan Dahomey, kafin yarjejeniyar 1868 ta buɗe wa Faransa ƙofa. Sarki Behanzin ya yi yaƙi a 1890 don ƙwato garin, amma bai yi nasara ba. Faransawa sun gina gadar ƙarfe da ta kutsa cikin teku don sauke kaya, suka kuma shimfiɗa layin dogo zuwa Parakou. Sai a 1965 aka buɗe tashar da manyan jirage ke tsayawa a yau.

Benin na fitar da auduga da kashu ta wannan tasha, amma ƙarfinta ya fi karkata ga kayan da ke wucewa zuwa maƙwabta. Nijar ba ta da teku, don haka shekara da shekaru yawancin kayanta ta Kwatano suke bi, su hau tirela zuwa Malanville, su haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya. Daga Gaya kuwa Kamba ta Jihar Kebbi ba nisa. Ta irin waɗannan hanyoyi motoci da gwanjo da shinkafa ’yar waje suka riƙa isa kasuwannin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, wasu da takardun kwastam, wasu ta ɓarauniyar hanya.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Unguwar Zongo da babban masallacinta sun daɗe suna zama masaukin fatake, kuma ana jin Hausa a Dantokpa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma.

Amma wanda ya hau dokin wani, a hanya yake sauka. A watan Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Filayen sayar da motoci da ke hanyar Seme suka yi sanyi, farashin shinkafa ya tashi a Arewa.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya datse hanyar Malanville, tireloli suka yi dogon layi, wasu kaya suka lalace. Ko da aka janye takunkumin, Nijar ta bar nata ɓangaren gadar a rufe, ’yan kasuwarta da dama suka koma tashar Lome ta Togo, inda kaya ke bi ta Burkina Faso da rakiyar sojoji. Rikicin ya taɓa har bututun mai da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar Seme-Kpodji, kusa da Kwatano.

Hukumomin Benin sun damƙa gudanar da tashar ga masu kula da tashar Antwerp ta Beljiyam tun 2018, ana kuma faɗaɗa ta. Duk da haka, yawan jiragen da za su tsaya a Kwatano ya dogara ne da shawarar da ake yankewa a Abuja da Yamai, kuma ita ce ke bayyana a farashin da dillalin Gummi ke faɗa wa mai saye.