Ko Kun Sani? Raƙuman Dawan Gadabeji Ba Su da Irinsu a Gidan Zu

Raƙuman dawan da ke kiwo a gandun dajin Gadabeji, maƙwabtan mutanen Azagor a ƙasar Dakoro, baƙi ne daga Kure, kusa da Yamai. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas a manyan motoci, tafiyar kusan kilomita 800, bayan dajin ya yi shekara wajen hamsin babu ko ɗaya.

Me ya sa ake lallaɓa su haka? An daɗe ana zaton gidajen zu na Turai, musamman na Faransa, suna da irinsu a ajiye. A 2007 Alexandre Hassanin da abokan aikinsa na Paris suka gwada ƙwayoyin halittar gado, wato DNA, sai ga shi na Turan wani iri ne dabam da ake kira Kordofan, irin na Chadi da arewacin Kamaru. Zanen fata ya yaudari masana, jini kuwa bai ɓoye komai ba. Ashe garken Nijar, wanda ya ragu zuwa 49 a 1996, shi kaɗai ya saura a duniya. Annoba guda a Kure za ta iya shafe irin kakaf, shi ya sa aka raba garken.

Ɗaukar samfurin gwajin DNA ma ba ta buƙatar kama dabba. Ana harba mata 'yar kibiya mai bakin bututu, ta ciro 'yar tsokar fata kamar ƙwayar dawa, ta faɗo ƙasa a tsince ta.